Kafin a ce wa mutum kurma, a kai shi a auna kunnensa

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu domin in yi magana a kan wata lalura da ke cikin gidajenmu da yawa amma ba kasafai ake kai ta asibiti ba, wato raunin ji. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na gani a kan mahaifina, wanda ya shafe fiye da shekara ashirin yana sana'ar injin niƙa, sannan muka yi shekara shida muna kallon jinsa yana raguwa muna cewa tsufa ne.

Da farko rediyo ya riƙa ƙure wa murya. Daga baya ya zama duk abin da aka faɗa masa sai ya ce "to, madalla", ko da tambayarsa aka yi, kuma a hankali ya daina zama a majalisar ƙofar gida bayan la'asar, domin idan aka kwashe da dariya bai san abin da ake yi wa ba. Har wasu suka fara cewa Baba ya zama miskili. Mu kuwa babu abin da ba mu ɗiga masa ba, daga man zaitun zuwa ruwan albasa, kuma na taɓa sayo masa wata 'yar na'ura a kasuwa wadda ba ta iya komai ba sai fito a kunne, tana ƙara ƙarar babur da ta kaji daidai da muryar mutum. Kwana uku ya yi da ita ya jefa ta ƙarƙashin gado. Araha dai ba ta ado.

Ranar da muka kai shi wurin likitan kunne, abu na farko da aka gano ya ba ni kunya: kunnensa na dama a toshe yake da dauɗa, wadda shi da kansa ya yi ta turawa ciki da tsinken ashana. Aka wanke, nan take ya ce ya ji kamar an buɗe taga. Daga nan aka shigar da shi wani ɗan ɗaki da ba ya shigar da ƙara, aka sa masa abin sauraro, aka ce ya danna maɓalli duk lokacin da ya ji sauti. Takardar da ta fito ta nuna cewa sautuka masu kauri yana jin su, sirara irin na "s" da "sh" da "f" ne suka ɓace masa, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa yake jin ana magana amma ba ya rarrabe kalmomin. Ƙarar injin ce ta lalata wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi a can cikin kunne, waɗanda idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Masana sun ce ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, idan mutum yana zama cikinta awa takwas kullum, ta isa ta yi wannan ɓarna.

Abin da nake so jama'a su fahimta shi ne raunin ji ba cuta ɗaya ba ce, saboda haka maganinsa ma ba ɗaya ba ne. Idan matsalar tana kan hanyar da sauti ke bi, kamar toshewar dauɗa, ko ruwa a bayan dodon kunne, ko fashewar dodon kansa, sau da yawa ana warkewa. Yaron da kunnensa ke zubar da mugunya, wanda muke toshe masa da auduga mu ce zai daina idan ya girma, abin da yake bukata shi ne a tsabtace kunnen a ba shi maganin ɗigo da likita ya zaɓa, kuma idan ramin dodon ya ƙi rufewa akwai tiyatar da ake yi masa faci.

Idan kuwa can ciki ne ko jijiyar ji ta taɓu, babu ƙwaya ko ɗigon da zai dawo da abin da ya tafi, kuma duk wanda ya ce yana da shi a kwalba yana neman kuɗinka ne. A nan na'urar taimaka wa ji take da amfani, amma wadda aka saita da kwamfuta daidai da sakamakon awon mai ita, ta ɗaga sautukan da ya rasa ta bar waɗanda yake ji. Akwai togaciya guda da ya kamata kowa ya riƙe: wanda ya wayi gari kunnensa ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, kada ya jira, domin akwai maganin da ake bayarwa wanda ya fi aiki a cikin makonni biyun farko.

Batun yara ya fi tayar mini da hankali, domin muna zaune a yankin da sanƙarau ke ziyarta lokacin zafi, ga ƙyanda da hangum da shawarar jarirai, ga allurai irin su jentamaisin da ake yi barkatai a kyamis, kuma dukansu suna iya tafiya da ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya kauce mata. Ga yaron da jinsa ya tafi gaba ɗaya akwai dashen na'ura, inda ake tiyata a zura wata siririyar waya cikin sashen kunne mai kama da dodon koɗi, ta riƙa aika saƙo kai tsaye ga jijiyar ji. Aikin yana da tsada ƙwarai, yana kuma bukatar dogon horon magana bayansa, sannan ba ya son jinkiri, musamman bayan sanƙarau, domin wannan sashe yana iya cikewa da ƙashi har wayar ta kasa shiga. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau ya kamata a auna jinsa kafin a ce ya warke. Inda dashen bai samu ba, maganar hannu harshe ce cikakkiya, kuma makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano sun daɗe suna koyar da kurame. Zalunci ne a bar yaro ya kai shekara bakwai ba shi da harshe ko ɗaya, ana kiransa bebe ana jiran ikon Allah ba tare da an nemi sababi ba.

Rahoton da hukumar ta fitar a 2021 ya nuna mutum miliyan 430 a duniya suna da raunin jin da ke bukatar kulawa, kuma kashi 17 cikin 100 kacal na masu bukatar na'urar taimaka wa ji ne suke amfani da ita. Muna da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna tun 1999, ga sassan kunne da hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa, amma mutumin ƙauye ba zai yi kuɗin mota zuwa can don a leƙa kunnensa ba. Ina kira ga gwamnatocin jihohi su horar da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi a kan duba kunne da wanke shi, su fara auna jin jarirai a ɗakunan haihuwa, sannan a duba yadda inshorar lafiya za ta rage wa talaka kuɗin na'urar da na batirinta. Kai kuma, Edita, ina roƙon ka gayyato likitan kunne ya amsa tambayoyin masu karatu a shafin lafiya kafin 3 ga Maris, ranar ji ta duniya.

Baba ya yi kusan wata biyu kafin ya saba da tasa na'urar taimaka wa ji, yana ƙorafin cewa har takun silifas ɗinsa yana damunsa. Yanzu ya koma majalisa, sai dai yana rufe na'urar da hula, kuma har yau bai yarda a ga yana sauya mata batir ba.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya