Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 Ga Mambobin Ƙungiyarmu ta 'Yan Gwari a Jos

Assalamu alaikum. Iyayen ƙungiya, shugaba da 'yan majalisarsa, shugabar mata, da dukkan 'yan uwa masu rumfuna a Farin Gada da waɗanda ke Bukuru da Taminus, barkanmu da ganin ƙarshen shekara lafiya. Ga bayanin abin da aka yi daga Janairu zuwa Disamba, kamar yadda dokar ƙungiya ta ɗora wa ofishin sakatare. Lissafin shiga da fita yana cikin takardar ma'aji wadda masu binciken kuɗi suka sa wa hannu, don haka ba za a maimaita shi a nan ba.

Muna fara da addu'a ga 'yan uwanmu da suka rasu a cikin shekarar. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. An kai wa kowane gida gudummawar da aka saba. Taron wata bai tsaya ba. Kwamitin sasanci ya zauna a kan rigingimun masu kaya da dillalai da direbobi, kuma babu wadda ta kai gaban 'yan sanda. An yashe magudanar da ke bayan layukanmu kafin damina ta sauka, 'yan dako da matasanmu ne suka yi aikin, mun gode musu.

Babban aikin shekara

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne ɗauke lissafin ƙungiya daga babban littafin ma'aji zuwa asusun banki da kwamfuta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Babu ɗan gwarin da ya manta farkon 2023. Babban Bankin Najeriya ya sanar a Oktoban 2022 cewa za a sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin 31 ga Janairu, aka ƙara shi zuwa 10 ga Fabrairu, sai a ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin. A tsakanin nan kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a. Tumatir da latas ba sa jiran mutum ya dawo daga layin banki. Kwanduna suka ruɓe a gaban idonmu, manomin da ya kawo dankalin turawa daga Bokkos ko Mangu ya kwana a kasuwa yana jiran a biya shi. A watannin ne yawancinmu suka buɗe asusu, wasu suka karɓi injin POS, dole ta sa. Dattawanmu kuma suna da tasu tunawar da ta girmi wannan, wato gobarar babbar kasuwar Taminus ta Fabrairun 2002, inda littattafan bashi suka ƙone tare da kaya, aka bar mutane da rantsuwa kawai.

Duk da haka ita ƙungiyar kanta ba ta canja ba. Mamba yana ciniki da taransifa tun asuba, amma kuɗin wata da zubin adashi sai ya ƙirgo su a hannu ya kai wa ma'aji, a rubuta da biro a littafi ɗaya da ke kwana a akwati ɗaya. Wannan ne muka ce a gyara. An buɗe asusu da sunan ƙungiya, ba a fitar da ko kwabo sai mutum biyu daga cikin shugabanni sun amince. An sayi kwamfuta ta hannu, an shigar da sunan kowa da abin da ya zuba. Mai babbar waya yana ganin nasa a saƙon WhatsApp, mai ƙaramar waya yana tura kuɗi ta lambobin banki da ake dannawa ba tare da data ba, kuma a ƙarshen wata ana buga jadawalin a liƙa a bangon ofis.

Wannan ɓangaren bai ɗauki dogon lokaci ba. Abin da ya ci mana watanni shi ne halinmu da yadda muka saba mu'amala da juna, kuma a kansa nake so mu tsaya.

A gidanmu na 'yan gwari, tambayar lissafi zargi ce. Haka muka taso muka tarar. Idan ƙarami ya ce wa babba a nuna masa rasit, kamar ya kira shi ɓarawo ne a bainar jama'a. Waɗanda suka halarci taron da aka fara liƙa jadawalin za su tuna. Wani matashi ya miƙe cikin ladabi ya ce: "Baba, ku yi haƙuri, na duba ban ga zubina na watan jiya ba." Ɗakin ya yi tsit. Baba ma'aji, wanda ya riƙe amanar nan tun wasunmu suna yaran shago kuma ba a taɓa samun sa da kwabo ba, ya sunkuyar da kai, fuskarsa ta nuna an taɓa shi. Wasu suka fara yi wa yaron alama da ido ya zauna. Da an bari ya zauna a ranar, ina da yaƙinin da jadawalin ya zama ado a bango, kowa ya koma gidan jiya.

Shugaba ne ya ceci lamarin. Ya ce yaro ya tsaya, ya sa aka fara karanta nasa lissafin da ƙarfi, har da watan da ya makara da tarar da aka ci shi. Sannan ya ce daga yau shi ma ba zai ba da kuɗin ƙungiya ba sai an ba shi shaida. Da aka duba, kuɗin yaron sun shiga, wani mai irin sunansa aka rubuta wa. Aka gyara a gaban kowa. Malamin da ke buɗe mana taro da addu'a ya tunatar da mu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ne da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma mutanen da aka saukar da ita a cikinsu sun fi mu amana. 'Yan uwanmu Kiristoci da ke cikin ƙungiya su ma suka ce a majami'unsu ana karanta lissafi a gaban jama'a, ba wanda yake ɗaukar haka cin fuska. Tun daga ranar, Baba ma'aji da kansa ne yake kiran mutum ya ce zo ka duba naka. Gani ya kori ji. Ina roƙon mambobi su lura cewa girmansa bai ragu ba, ƙaruwa ya yi, domin yanzu takarda ce take yi masa shaida.

Koyarwa ma sai da muka sauya mata salo. Zaman farko an tara kowa a ofis, wani ɗalibin Jami'ar Jos ɗan gidan mamba yana bayani, dattawa suna baya sun yi shiru, ba wanda ya yi tambaya. Magidanci mai jikoki ba zai ɗaga hannu a gaban yaran shagonsa ya ce bai gane inda ake dannawa ba. Sai muka daina tarawa. Matasa suka riƙa bin rumfa-rumfa bayan azahar idan ciniki ya lafa, mutum da ɗansa ko yaronsa su zauna su biyu. A nan aka ga ci gaba. Ɓangaren mata ya riga kowa gamawa, kuma dalilin a fili yake: sun daɗe suna gudanar da adashinsu a buɗe, kowace ta san ranar kwasarta da wadda ba ta zuba ba, sai kawai suka mayar da abin cikin waya. Shugabarsu tana tura saƙon murya da Hausa kowane mako saboda waɗanda karatun boko bai zauna musu ba, yanzu maza ma haka muke yi.

Alat na bogi da tsoron faɗa

A tsakiyar shekara wani baƙo ya sayi buhunan kabeji da karas a rumfar ɗaya daga cikinmu da sanyin safiya, lokacin da ake rububin lodi. Ya nuna wa yaron shago saƙo a wayarsa cewa kuɗi sun tafi, saƙon ma ya shigo wayar rumfar. Mota ta tashi. Can da hantsi yaron ya duba asusu ya ga babu abin da ya shiga. Bai faɗa wa maigidansa ba sai washegari, yana tsoron a kore shi ko a ce da haɗin bakinsa. Da ya yi magana da wuri, da an kira direban tun yana hanya, domin sananne ne a tasha.

Kwamitin gudanarwa ya zauna a kan wannan ya ga cewa laifin asarar ba na ɓarawon kaɗai ba ne, tsawar da muka saba yi wa yara ita ta ba shi kwana guda. Aka yanke hukunci biyu. Ba a sakin kaya da ganin saƙo, sai an buɗe asusu an ga kuɗin sun zauna. Kuma duk yaron da ya yi kuskure a waya ko POS ya faɗa nan take, ba kora, ba zagi a gaban mutane, ƙungiya za ta tsaya masa wajen maigidansa. Na biyun ya sha suka, wasu na ganin zai sa yara sakaci. Abin da muka gani zuwa yanzu shi ne ana kawo rahoton taransifar da ta maƙale ko aka tura wa wani daban tun da zafinta, lokacin da banki zai iya yin wani abu.

An kuma yi zaman faɗakarwa bayan labarin CBEX, dandalin zuba jari na intanet da ya rufe da kuɗin jama'a a Afrilu, ya cika ƙasa. An jaddada cewa babu bankin da zai kira ka ya nemi lambar sirrinka ko lambar da aka turo maka ta saƙo. Tunda yanzu ofis yana riƙe da lambobin waya da NIN na mambobi, kuma akwai Dokar Kare Bayanai da aka sa wa hannu a Yunin 2023, an hana tura hoton katin kowa a zauren WhatsApp. Sakatare da ma'aji kaɗai ke buɗe waɗannan bayanai.

Sabon tsarin yana da tsadarsa. A Janairu hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, ga kuma harajin naira 50 da ake cirewa a duk taransifar naira 10,000 zuwa sama, wanda kamfanonin hada-hadar kuɗi na waya su ma suka fara cirewa tun Disamban 2024. Ma'aji ya ware musu layi a takardarsa don kowa ya gani. Ranar da sabis ya ɗauke kuma ana karɓar kuɗi a hannu da rasit, a shigar daga baya.

Abin da bai kammalu ba

Rajistar bashin da ƙungiya take ba mambobi ba ta shiga kwamfuta ba tukuna. Wasu suna ganin tona asiri ne a san wane ya ci bashi, kuma uzurinsu abin dubawa ne. Shawarar ofis ita ce a nuna jimillar bashin da ke waje da abin da aka dawo da shi, sunaye kuma su tsaya a wurin ma'aji da masu bincike.

Akwai abin da ya fi damuna. A yau matashi ɗaya ne ya iya jadawalin da kyau. Idan ya yi tafiya, aiki ya tsaya har ya dawo. Da can lissafi yana hannun dattijo ɗaya, yanzu yana neman komawa hannun yaro ɗaya, ke nan tsohuwar ɗabi'ar ce ta biyo mu cikin sabon kaya. Yaron ba shi da laifi, ya yi mana aiki ba dare ba rana. Amma dole a koya wa wasu, har da mace, kuma a riƙa ajiye kwafin lissafin a wani wuri daban da ofis.

Sai maganar farashi. Matasa sun kawo shawarar a riƙa sanar da farashin buhu da kwando kowace safiya a WhatsApp, har manoman Barkin Ladi da Pankshin da masu saye daga Abuja da kudu su gani. Dillalanmu sun ƙi, aka yi ta cewa tsoron waya ne. Ba na jin haka ne. Dillali da sanin farashi yake ci, shi ne yake tsaya wa baƙo, shi yake ɗaukar asara idan mai saye ya gudu da bashi, wani lokaci ma shi ke ba manomi kuɗin taki tun kafin shuka. Idan farashi ya fita fili ba a yi maganar la'adarsa ba, abincinsa aka taɓa. A ɗaya gefen kuma manomi yana da waya yanzu, yana kiran ɗan uwansa a wata kasuwar kafin ya sauke kaya, kuma ranar da ya ga an rufe shi ba zai dawo mana ba. Ra'ayina shi ne a fara tsayar da la'ada sananniya a kan kowane buhu da kwando, wadda dillalai da kansu za su kawo, sannan a buɗe farashin. Kwamitin gudanarwa bai haɗu a kan magana ɗaya ba, shi ya sa aka miƙo ta gare ku.

Abubuwa uku ke nan za a kaɗa wa ƙuri'a a taron Janairu: yadda za a shigar da rajistar bashi, zaɓen waɗanda za a koya wa jadawali, da batun la'ada da sanar da farashi. Ana roƙon dillalai su zauna a tsakaninsu kafin ranar su zo da adadin da suka amince da shi. Wanda ya ga kuskure a lissafinsa na shekara ya zo ofis da rasit ko saƙon bankinsa kafin masu bincike su rufe littafi.

Sakataren ƙungiya,
Jos, Jihar Filato