Wa ya ce suna dai suna ne?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Kwana uku na yi ina jira ko zuciyata za ta huce kafin in rubuto, amma ba ta huce ba. Maganar da mai gabatar da shirinku na fina-finai ya yi ranar Asabar a kan The Tick, wasan barkwancin Amurka na wani jarumi mai suna Kaska, ta ɓata mini rai ƙwarai. Ya yi dariya, abokin hirarsa ya taya shi, wai masu ƙorafi a kan sauya wasu jarumai biyu na cikinsa, American Maid da Die Fledermaus, marasa aikin yi ne, wai suna dai suna ne, tunda babban jarumin mai shuɗiyar riga yana nan ba a taɓa shi ba. To ni ina cikin mutanen da ya zaga, kuma ina da aikin yi. Malamin makaranta ne ni, shekarata goma sha takwas ina riƙe da alli.

Ko labarin ma bai kawo shi daidai ba. Cewa ya yi masu shirya The Tick sun sauya sunayen ne don su zo da sabon salo. Ba haka aka yi ba. Ben Edlund ya ƙirƙiro jarumin nan, wato Kaska, a 1986, don wata 'yar takardar labarai ta shagon littattafan zane na New England Comics a jihar Massachusetts. Amma waɗancan biyun sai a katun ɗin Fox Kids aka haife su, wanda aka nuna daga 1994 zuwa 1996. Da aka zo yin na mutane a 2001, wanda Patrick Warburton ya fito a matsayin Kaska, haƙƙin mallakarsu yana wani hannu daban. Dole ce ta sa aka kawo Captain Liberty da Batmanuel su maye gurbinsu. Mutumin da bai san wannan ba, ta yaya zai zauna gaban makirfo yana yi wa wasu dariya?

Edita, ni a kaset ɗin bidiyo na san katun ɗin nan. Yayanmu yana karatu a Amurka a lokacin, shi ya riƙa naɗo mana daga talabijin, ya ba wani mai dawowa gida ya kawo. Da muka sa a na'urarmu, hoton ya ƙi tsayawa, sai rawa yake, ba launi, saboda tsarin kaset ɗin can ba irin namu ba ne. Sai gidan wani maƙwabcinmu mai na'urar da ke cin kowane kaset muka riƙa zuwa bayan la'asar, mu zauna a kan tabarma a zaurensa, mu bakwai ko takwas. Turancinmu bai taka kara ya karya ba, amma mun gane Arthur, abokin Kaska, akanta ne da ya sa rigar ƙwaro mai fiffike, kowa na ɗaukarsa zomo. Mun gane Die Fledermaus, mai shigar jemage, baki gare shi kawai, da faɗa ya kaure sai a neme shi a rasa. Ita kuwa American Maid, mai kayan 'yar aiki da launin tutar Amurka, ita ce mai hankalin cikinsu, kuma da takalminta mai tsini take jifan mugu.

Ƙanwata tana 'yar shekara tara a lokacin. Matar nan ta shiga ranta fiye da tunani. Ta ɗaura ɗankwalin Inna a ƙugu, ta cire silifa ta auna bango ta jefa. Wata rana ta sami kwalbar fitilar ƙwai ta fasa ta, ta sha faɗa, washegari ta ci gaba. Daga nan muka laƙaba mata Amerikan Med. Har Baba, wanda bai taɓa kallon kaset ɗin ba ko sau ɗaya, haka yake kiranta idan yana cikin nishaɗi. Ranar da aka kai ta ɗakin mijinta ma sai da wata ƙawarta ta kira ta da sunan, tana kuka tana dariya a cikin mayafi.

A 2004 Yaya ya dawo gida da faifan na mutanen. Muka taru a falo kamar ranar Sallah. Ita ce a gaba, kusa da talabijin, tana jiran a kira sunan. Wata mata ta fito, Liz Vassey, da shigar tauraro a ƙirji, aka ce mata Captain Liberty. Ƙanwata ta juyo ta ce, "Yaya, ina tawa?" Ya ce ai ita ce wannan, an sauya mata suna ne. Ta ce a'a, wannan ba ta san ta ba. Kashi na biyu bai ƙare ba ta tashi ta koma wajen Inna a madafa. Wannan fuskar tata nake gani lokacin da ma'aikacinku yake dariya.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Mu da muke yanka rago ranar bakwai saboda suna, mu ne za a ce wa suna ba komai ba ne? A wasan barkwanci kuma abin ya fi tsanani, domin dariyar a cikin sunan take. American Maid, idan ka furta shi, kunne yana jin 'yar aikin Amurka, yana kuma jin ƙirar Amurka, kamar yadda ake rubutawa a jikin kaya. Captain Liberty ba shi da wannan harshen damon, suna ne da kowane mai zane zai iya ba kowace jaruma. Die Fledermaus kuwa jemage ne kawai da Jamusanci, matsoraci ya ɗauko suna mai nauyi daga wani harshe don a ji tsoronsa. Aka cire wannan, aka kawo wani mai son mata da son madubi.

Ba zan zalunci Nestor Carbonell ba. Ya iya wasa, Batmanuel ɗinsa ya ba ni dariya, kuma na san akwai masu son shirin da suka fi ƙaunarsa a kan na katun. Ba ni da faɗa da su. Amma wani mutum ne daban, ba wancan ba ne da sabuwar hula. Kashi tara kacal aka yi tashar Fox ta soke shirin. Da Amazon ta sake farfaɗo da shi daga 2016 zuwa 2019 da Peter Serafinowicz a matsayin Kaska, na sake zama na jira, nan ma ba su dawo ba. Wanda ya yi shekaru yana jiran abin da ya so tun yana yaro, a ce da shi marar aikin yi a gidan rediyo, wallahi ba a kyauta ba. Ina neman mai gabatarwar nan ya gyara bayanin haƙƙin mallakar a shiri na gaba, ya kuma janye kalmar da ya yi amfani da ita, da bakinsa, ba ta saƙo ba.

Tunda na riga na rubuto, ga wata kuma. Shirin naku minti talatin ne, amma ranar Asabar na duba agogo, kusan minti goma sha biyu tallar maganin basir da na ƙarfin jiki suka cinye, har ana katse baƙo a tsakiyar magana. Kuma tun da kuka matsar da shi kusa da magariba, kullum ƙarshensa yana wuce ni ina hanyar masallaci. Sau huɗu na aiko da saƙon waya a kan wannan, ba a karanta ko ɗaya ba. Don Allah ku mayar da shi ƙarfe huɗu da rabi yadda yake a da.

Wassalam.

Mai sauraronku na kullum,
daga Tudun Wada, Zariya.