Wasiƙa Zuwa ga Ɗana a Kubwa

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da Abba, na zaɓi in rubuto maka ne domin a waya kakan yi saurin cewa "to, Baba", magana ta mutu a nan.

Labari ya iso mini cewa ka rantse Abba ba zai sake taka gidan kakanninsa na wajen uwa da ke Gangare a nan Jos ba, kuma wannan hutun ma a Abuja zai yi shi. Ranar Juma'ar da ta wuce mahaifiyarka ta je can ganin Ummi, ƙanwar Abba, da 'yar tsarabarta, aka tsayar da ita a zaure, aka ce yarinya tana barci. Ta dawo ba ta ce uffan ba, amma tuwon dare ya gagare ta. Na ji zafi, sai dai ban iya ganin laifinsu ba, tunda kai ka fara rufe ƙofa.

Na ji kuma kana ambaton kotu. To ka sani, a mazhabar Malikiyya da alƙalanmu suke bi, uwa ce ta fi cancantar riƙon yaro har ya balaga, yarinya kuma har ta tare a ɗakin mijinta, kuma idan uwar ta yi aure, kakar wajen uwa ce take biye, wato matar da kake hana wa jikanta. Ko Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da ke aiki a can Abuja, maslahar yaro take dubawa kafin fushin uba. Alfarma suka yi mana da suka bar maka Abba. Ni na je na roƙa, ba na kuma nadama, domin a lokacin na ga karatunsa zai fi tafiya a hannunka, amma da bakina na yi musu alƙawarin zai riƙa zuwa duk hutu. Yanzu ka mai da ni maƙaryaci da furfurata.

Duk wannan da sauƙi. Abin da yake hana ni barci shi ne yaran nan biyu, ciki ɗaya, su tashi ba su san juna ba. Da ƙaramar Sallah na nuna wa Ummi hoton yayanta, ta tambaye ni ko ɗan wane ne. Shekararta 4, ta kusa shekara biyu ba ta gan shi ba, alhali tsakanin Jos da Abuja tafiyar yini ɗaya ma ba ta cika ba. Ka san yadda muka ƙare da Baffanka na Bukuru, ka san a gaban gawar wa muka fara gaisawa. Ina tsoron ranar da za a zo ɗaurin auren Ummi, a nemi Abba ya tsaya mata, ya zauna a cikin taro kamar baƙo. Ba na so in bar duniya na ga an sake shuka wannan a gidana.

Na san an ɓata maka, kuma ban ce ka manta ba. Ba sai ka je Gangare da kanka ba. Ka sa shi a mota ranar da aka yi hutu, zan tarye shi a tasha, in kai shi da hannuna, ya kwana uku da ƙanwarsa, in dawo da shi. Mahaifiyarka ta riga ta fara tanadin abin da zai ci. Allah Ya yi muku albarka.

Mahaifinka,
Anguwar Rogo, Jos.