Fina-finanmu Sun Cika Surutu, Sun Manta Yadda Bahaushe Ke Isar Da Saƙo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan fina-finan Hausa. Tun daga 2001 da aka kafa hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano, kusan duk muhawarar da ake yi a kan Kannywood ba ta wuce rawa da waƙa da sutura ba. Ni kuwa, da yake darasin sadarwa nake koyarwa, abin da ya fi ɗaukar hankalina idan na zauna kallo tare da iyalina shi ne yadda mutanen cikin fim suke isar da saƙo ga junansu, kuma a nan ne nake ganin an bar mu a baya.

A shekarar 1948 wani injiniya Ba'amurke mai suna Claude Shannon, wanda yake aiki a ɗakin binciken kamfanin tarho na Bell, ya fasalta sadarwa da cewa akwai tushen saƙo, da hanyar da saƙon yake bi, da wanda zai karɓa, sannan akwai hayaniya, wato duk abin da yake shiga tsakani ya gurɓata saƙon kafin ya isa. Shi wayar tarho ce a gabansa, amma malaman sadarwa sun ɗauki wannan fasali sun faɗaɗa shi har ya shafi hulɗar mutane. Idan ina so ɗalibaina su gane shi, misalin zance nake ba su. Saurayi ya tsaya a ƙofar gida ya aiki yaro ya ce ana sallama da wance, yaron ya shiga ya fito ya ce, "Wai ta ce ba ta nan." Yarinyar ta aiko da saƙo ɗaya, ɗan aike ya ƙara kalma uku, saurayi ya karɓi wani saƙon dabam, wanda kuma shi ne na gaskiya.

Marubutan fina-finanmu sun san amfanin hayaniya sarai, domin da yawa daga cikin labaransu a kanta suke tsaye. Kishiya ta laɓe a bayan labule ta ji rabin magana, miji ya ga saƙo a wayar matarsa bai karanta na samansa ba, ƙawa ta kai tsegumi ta ƙara gishiri. Ban ce laifi ba ne, don rashin fahimta yana kashe aure a zahiri. Abin da yake ba ni takaici shi ne, musamman a fina-finai masu dogon zango da ake ɗorawa a YouTube, sai a ja rigima mako bayan mako a kan abin da tambaya guda ɗaya za ta warware, kuma ba a nuna mana dalilin da ya hana a yi tambayar ba. Alhali dalilin yana nan a al'adarmu: kunya, da kawaici, da gudun a ce mace ta tuhumi mijinta ko ɗa ya titsiye mahaifinsa. Da an nuna wannan, da mai kallo ya tausaya wa mutanen cikin labarin maimakon ya ɗauke su wawaye.

Ga kuma kiran waya, inda jarumi yake maimaita duk abin da aka gaya masa da ƙarfi: "Me ka ce? Alhaji ya yi haɗari? A hanyar Zariya? Yana asibiti?" Wannan ba da mai kiran yake magana ba, da mu yake yi, don darakta bai yarda za mu gane daga fuskarsa ba.

Wannan rashin yarda da mai kallo shi ne ainihin kokena. Edward Hall, masanin halayyar al'ummu, ya bayyana a 1976 cewa akwai al'ummomin da suke zuba kusan dukkan ma'ana a cikin kalmomi, akwai kuma waɗanda mafi yawan ma'anar tana cikin yanayi da dangantaka da abin da aka ƙi faɗa. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san a wane rukuni muke. Muna da habaici da shaguɓe da gugar zana da hannunka mai sanda, kuma muna da alkunya. Ni ɗan fari ne, kuma har mahaifiyata ta koma ga Mahaliccinta ban taɓa jin ta ambaci sunana ba. Ranar da na dawo gida bayan na gama karatu, na same ta a tsakar gida tana tankaɗen gari, na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice ba tare da ta ɗago kai ba. Ina shiga zaure na jiyo ta tana ce wa ƙanena ya kamo zakaran nan da take ta kiwo tun kafin azumi. A fim kuwa, da uwar ta taso da gudu ta kira shi da sunansa, ta yi jawabi mai tsawo a kan irin son da take yi masa. Mai kallo zai ji kalmomin, amma ba zai ga uwarsa a cikinta ba.

Babu inda asarar ta fi fitowa fili kamar a labaran auren dole, waɗanda ba a gajiya da yin su. Hadisi ya tabbatar da cewa ana neman izinin budurwa, kuma shirunta shi ne izininta. To amma kowace uwa da kowace gwaggo ta san shiru iri-iri ne. Akwai na wadda ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta tana ɓoye murmushi, akwai na wadda jikinta ya sandare, idonta ya kafe a kan tabarma. Mahaifin da ya ɗauki na biyu a matsayin na farko, ko da gangan ko bisa kuskure, ya ishi fim guda labari, kuma kyamara ce kaɗai za ta iya nuna bambancin, tunda labarin zuciya a tambayi fuska. Maimakon haka sai a sa yarinya ta miƙe tsaye a gaban mahaifinta tana zayyana masa hujjoji kamar lauya. Tun wajajen 1920 wani mai shirya fim ɗan Rasha, Lev Kuleshov, ya nuna cewa idan aka haɗa hoton fuska guda da kwanon miya, sannan aka haɗa shi da akwatin gawa, masu kallo za su ga yunwa a na farko, su ga baƙin ciki a na biyu, alhali fuskar ba ta sauya ba. Ashe ma'ana tana samuwa a wurin jera hotuna, aikin da ba ya cin kuɗin da ya kai na hayar gida da motoci.

Kada a ce mai kallonmu ba zai gane ba. Iyayenmu da yayyenmu sun shafe shekaru suna cika sinimomin Kano irin su Plaza da Eldorado da Marhaba suna kallon fina-finan Indiya babu fassara, ba su jin harshen, amma su fito su ba ka labari tiryan-tiryan, har da wanda ya ci amanar wani da dalilinsa. Daga kallon ido da kiɗa da sutura da yadda ɗa yake sunkuyawa gaban uwarsa suka karanta shi. Yanzu da ake fassara su da Hausa, har inda jarumin ya yi shiru sai ka ji mai fassara ya cike gurbin da barkwanci.

Ina yi wa masu sana'ar adalci. Harkar ta samo tushe ne daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na daɓe da na talabijin, irin su Tumbin Giwa da suka fitar da Turmin Danya a 1990, kuma a daɓe baki ne jari. Na kuma san mata da yawa suna sauraron fim ne a waya suna girki ko wanki, don haka furodusa yana tsoron shirun da zai sa a zaci sauti ne ya ɗauke. Wannan hujja ce mai ƙarfi, sai dai ba ta hana a bar daƙiƙa goma a wurin da labari ya kai maƙura ba, kuma na ga wasu dattawan 'yan wasa suna yin hakan da gyaran murya kawai ko da kau da kai.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne masu yi muku sharhin fina-finai su riƙa duba wannan ɓangare kamar yadda suke duba sutura da waƙa. Zan kuma so wani daga cikin marubutan labarin fim ya ba ni amsa a wannan shafi, ya faɗa mana ko a rubutu ake cika maganar, ko kuwa a lokeshan ne 'yan wasa suke ƙara tasu.

Wassalam.

Naka mai karatu,
wani malamin sadarwa daga Kano.