Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Iyaye da Malamai, da Inda Aka Kwana kan Ziyarar Buɗe Ido

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban makaranta, malamanmu, iyaye maza da iyaye mata, wannan shi ne rahoton kwamitin zartarwa kan abin da ƙungiya ta yi a shekarar karatun da ta ƙare. Mun rubuta shi ne musamman saboda waɗanda uzuri ya hana su zuwa babban taro. Lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita yana cikin takardar ma'aji, wadda aka raba daban, don haka ba za ku ga adadin naira ko ɗaya a nan ba.

Ayyukan da aka saba sun tafi yadda ake so. Iskar farkon damina ta yaye kwanon ajin 'yan aji biyu, aka maye shi kafin ruwa ya zauna. An gyara famfon burtsatse, an ɗaure bencinan da ƙafafunsu suka saki, an kuma zagaye banɗakin 'yan mata da katanga kamar yadda iyaye mata suka daɗe suna nema. Ƙungiya ta je ta'aziyya gidajen membobin da aka yi wa rasuwa, Allah ya jiƙansu da rahama. Godiya ta musamman ga iyayen da suke kafintoci da magina, waɗanda suka yi aikin ba tare da karɓar ladan hannu ba.

Abin da ya ci mana lokaci a bana shi ne batun ziyarar buɗe ido, kuma a kansa mafi yawan wannan rahoto zai tsaya.

Maganar ta taso ne a zango na biyu, lokacin da 'yan aji biyar A suka je Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da ke nan Zariya, 'yan aji biyar B kuwa suna cikin aji suna kallo ta taga motar tana fita daga ƙofar makaranta. Wata yarinya a ajin B ta ji ana maganar tafiyar a wajen tara, ta ɗauka da su za a je. Ta sa an wanke mata kayan makaranta tun dare, ta zo da kular abinci, ƙarshenta a kan bencinta ta ci shi. Mahaifiyarta ce ta fara kawo ƙorafi, kuma abin da ta faɗa gajere ne: kuɗin makaranta iri ɗaya ake biya wa A da B, to me ya sa wasu suka ga jirgi wasu suka ga ƙurar mota? Kafin mako ya zagayo iyaye da dama sun bi sahunta. Iyayen 'yan aji ɗaya zuwa uku ma suka tuna mana cewa nasu yaran ba a taɓa kai su ko'ina ba.

Da muka zauna da shugaban makaranta muka bi diddigi, sai muka tarar makaranta ba ta taɓa samun tsarin ziyara nata na kanta ba. Kowane malamin aji da ƙwazonsa da kuma wanda ya sani. Malamin aji biyar A yana da sanayya a kwalejin, shi ya rubuta takarda, ya yi ta sintiri a kan babur ɗinsa har aka ba da izini. Malamar ajin B sabuwa ce a garin, ba ta san wanda za ta tunkara ba. Kwamiti yana so iyaye su ji wannan da kyau, domin an yi ta jifan malamin da maganganun son kai a zaure da kuma a WhatsApp, alhali ƙoƙari ya yi wa ɗalibansa. Abin da za a gyara shi ne barin rabon yaro ya rataya ga wanda malaminsa ya sani.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko nauyi, ko da yake an fi yin shiru a kansa. Ko a cikin ajin da ya tafi, ba kowa ya shiga mota ba, sai wanda ya biya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin shatar bas ya yi tashin gwauron zabi, kuma a ɗan ƙanƙanin lokaci ake sanar da iyaye, wani lokaci ana saura kwana biyu ko uku. Mai albashi idan abin ya faɗo tsakiyar wata sai ya ci bashi. Mai sana'ar hannu da yara uku a makarantar sai ya zaɓi wanda zai tafi, ko ya ce duk su haƙura. Iyaye da yawa ba su iya faɗin haka a bainar jama'a ba, sai bayan an tashi taro suke jan ɗayanmu gefe. Malamai kuma sun shaida mana cewa yaran da ba su biya ba sukan ƙi zuwa makaranta ranar tafiya, har da washegari, saboda kada su zauna ana labarin abin da ba su gani ba.

Sai batun tsaro. Wasu iyaye maza sun ce a soke ziyarar baki ɗaya, suka kawo misalin ɗaliban Kuriga da aka sace a watan Maris na 2024, suka kuma yi maganar hatsarin babbar hanya da yadda ake cusa yara a bas kamar buhunan masara. Babu wanda ya raina wannan fargaba. Wasu kuma sun ce ba za su bar 'ya'yansu mata su tafi ba sai da malama ko uwa a cikin motar, kuma a dawo da yara kafin lokacin Islamiyya. Waɗannan sharuɗɗa biyu mun karɓe su nan take.

Sokewa dai kwamiti bai goyi bayanta ba, kuma dalilinmu Zariya ce kanta. Yaron da ke zaune a garin nan ba ya bukatar a hau babbar hanya da shi kafin ya ga abin da zai buɗe masa ido. Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru tun 1962, da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim wanda yawancin yaranmu ba su taɓa ganin littattafai masu yawansa ba. A gefenta akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona, inda ake fitar da irin masara da dawa da gyaɗa da iyayensu suke shukawa, sai cibiyar binciken dabbobi a Shika. Kwalejin jiragen saman da ta jawo rigimar, tun 1964 take nan. Ga Kwalejin Barewa, wadda Tafawa Ɓalewa da Sardauna suka yi karatu a cikinta tun tana Katsina. Ga Wusasa da tsohon cocinta na ginin ƙasa a gindin dutsen Kufena. Wani dattijo a kwamiti ya ce akwai yaran da aka haifa a Tudun Wada ko Sabon Gari da za su gama firamare ba su san ina Ƙofar Kuyambana take ba, kuma da muka tambayi 'yan aji huɗu, maganarsa ta tabbata.

A zango na uku muka gwada sabon salo da 'yan aji uku, A da B a rana ɗaya, babu wanda aka tambaya ko sisi. Asusun ƙungiya ne ya ɗauki kuɗin mota, iyaye mata biyu suka dafa shinkafa da wake a tukunya guda domin kada wani ya buɗe kula mai nama wani ya buɗe ta gari. An tsaya a Ƙofar Doka, malamin tarihi ya nuna musu ragowar ganuwa ya ba su labarin Sarauniya Amina, sannan aka wuce ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau. Zanen da ke jikin bangon fada da jajayen rigunan dogarai su suka fi ɗauke musu hankali. An kuma ba su labarin Babban Gwani Malam Mika'ilu, maginin da ya gina tsohon Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu, ko da yake ba a shiga da su ba, tun da wani sashensa ya rufta a watan Agustan 2023. Wani yaro ɗan gidan magina ya tsaya yana yi wa 'yan ajinsu bayanin yadda ake ɗora azara da yadda ake cuɗa tubali, malamai suka yi shiru suka bar shi ya gama. A aji, in ji malamarsa, da ƙyar ake jin muryarsa. Kafin azahar kowa ya koma gida.

Bisa wannan gwaji, kwamiti da hukumar makaranta sun amince cewa daga shekara mai zuwa ziyara ta zama ta makaranta, ba ta malamin aji ba. Kowane rukuni zai fita sau ɗaya a shekara, A da B tare, wuri ɗaya. Za a liƙa jadawalin a allon sanarwa tun makon farko na zangon farko, kuma shugaban makaranta ne zai riƙa sa hannu a takardun neman izini. Ƙananan azuzuwa za su tsaya cikin birni da kewaye, manya su je Samaru da Shika da kwalejin jirage, ta yadda yaron da ya fara daga aji ɗaya zai zagaya dukkansu kafin ya fita. Ba kowane aji ne zai ga abu iri ɗaya a shekara ɗaya ba, kuma mun san wasu iyaye za su so a ce haka ne, amma babu ajin da zai sake zama yana kallon takwaransa ta taga. Ba za a ɗauki yara fiye da kujerun mota ba, za a kira suna kafin tashi da kafin dawowa, kuma uba ko uwar da ba su amince ba suna da damar hana ɗansu ba tare da an tsangwami yaron ba. 'Yan aji biyar B na bana, waɗanda za su shiga aji shida, su za a fara kai wa kwalejin jiragen.

Abu biyu ne ba mu yanke ba, mun bar wa babban taro mai zuwa. Na farko shi ne yadda za a cika asusun ziyarar: a kan kowane yaro za a sa gudummawa, ko a kan kowane gida? Masu yara da yawa sun fi son ta gida, masu yaro ɗaya suna ganin za a ɗora musu nauyin wasu. Kwamiti ya fi karkata ga ta gida, a biya kaɗan-kaɗan a kowane zango, kuma wanda Allah ya hore wa ya ƙara a asirce ta hannun ma'aji. Na biyu shi ne buƙatar malaman aji shida ta kai ɗalibai Gidan Arewa a Kaduna, tafiyar kusan kilomita 80. A nan kan kwamitin kansa ya rabu, don haka ƙuri'a za a jefa.

Taron zai kasance ranar Asabar ta biyu bayan an dawo hutu, da ƙarfe goma na safe, a harabar makaranta. Muna roƙon iyaye mata su zo da kansu kada a aiko yara, kuma duk wanda yake aiki a ɗaya daga cikin wuraren da aka ambata, ko yake da motar da zai iya ba da ita a farashin mai, ya ba sakatare sunansa kafin ranar.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin zartarwa