Kartar Omaha da matasanmu ke bugawa a waya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ni malamin lissafi ne a wata ƙaramar sakandare da ke karkarar Ringim, kuma tun bayan girbi nake lura da wasu samarin garinmu suna zama gindin darbejiya da yamma, suna buga wata karta ta waya da ake kira Omaha, wadda reshe ce ta foka (poker), wato wasan karta da ake zuba kuɗi. Da na yi musu magana, sai suka ce ai wannan ba caca ba ce, gwaninta ce. Wannan amsa ce ta sa na zauna na fahimci dokokin wasan, domin matashi ba ya sauraren wanda bai san abin da yake sukar ba.

Karta 52 ake amfani da ita. Ana raba wa kowa huɗu a rufe, sannan a baje biyar a tsakiya waɗanda kowa ke tarayya a kansu: uku a tashi ɗaya, sai ɗaya, sai ta ƙarshe. Sau huɗu ake zagayen zuba kuɗi, kuma a kowane zagaye mutum zai iya biyan abin da aka zuba, ko ya ƙara, ko ya ajiye kartarsa ya haƙura da abin da ya riga ya saka. Dokar da ta fi kayar da sababbin shiga ita ce dole a haɗa biyu cif daga hannu da uku cif daga tsakiya, saɓanin wani reshen foka da ake kira Texas Hold'em, inda ake raba biyu kawai kuma babu wannan tilas.

Ban musa cewa akwai dabara ba. Wanda yake magana a ƙarshe ya riga ya ga abin da sauran suka yi, kuma mai hankali yakan ajiye yawancin hannayen da aka raba masa. Amma mu duba lissafin da gwanayen ke taƙama da shi. Kartar ta kasu iri huɗu, kowane iri yana da karta 13, kuma haɗa biyar iri ɗaya hannu ne mai ƙarfi. Idan mutum yana riƙe da biyu iri ɗaya, biyu kuma na irin sun fito cikin ukun farko na tsakiya, saura tara ke nan a cikin 45 da bai gani ba, kuma damar ya cika biyar iri ɗaya kafin a gama kimanin kashi 36 ce cikin 100. Idan karta ɗaya ta rage, damar ta koma kusan ɗaya cikin biyar, don haka bai kamata ya zuba naira 1,000 ba sai kuɗin tsakiya sun kai 4,000. Wato ko ya bi ƙa'ida sarai, sau huɗu cikin biyar kuɗin geronsa sun tafi, kuma masu manhajar suna yankar kasonsu daga kuɗin tsakiya ko wa ya ci.

Hukuncin caca a bayyane yake a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma samarin sun san shi. Inda suke fakewa shi ne sunan gwaninta. Ina roƙon jaridarku ta ware fili a fayyace wa iyaye da limaman karkara yadda waɗannan wasanni ke gudana, domin uba da yawa yana ganin ɗansa da waya a hannu, bai san kuɗin taki ne ke zurarewa ba.

Naku,
Malamin lissafi, daga ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa.