Kafin ka sa hannu a kan gonar tudu

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali. Na ji dillalai sun fara nemanka a kan gonar tudu tun da birnin Sakkwato ya haɗiye ƙauyenmu, kamar yadda ya haɗiye Arkilla a Wamakko. Kada ka yi wa kowa alkawari tukuna.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen cikin birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da takardarsu. Tunda mun faɗa cikin birni, shaidar mai unguwa da ta uban ƙasa ba za ta wadatar da kai a Ma'aikatar Filaye ba. In gwamnati ta karɓi gona don aikin jama'a, diyyar amfanin gona da itatuwa da gini take biya, ƙasar kanta ba ta da diyya. Don haka kada a sare mangwaro ko giginya ko ɗaya, a ƙirga su a rubuta.

Fara da rabon gado a gaban alƙali, da magada mata a zaune, kowa ya san rabonsa. Yawancin rigimar fili daga nan take tashi: babban wa ya sayar, bayan shekaru ƙanwa ta kai ƙara, mai saye ya riga ya zuba harsashi. Sannan ka ɗauko safiyo mai rajista ya auna, a kafa turakun siminti a kusurwoyi da maƙwabtan gona a tsaye. Iyakar gamba ko kututture ba ta daɗewa in buldoza ta shigo.

Dillali zai so ya saye gonar a dunƙule ya yanka da kansa, ribar kuwa a yankan take. Hekta ɗaya tana ba da fuloti 21 na ƙafa 50 da 100 a lissafi, amma hanyoyi za su ci rabonsu. Mai rowar hanya shi ke jawo wa unguwa rusau da kwanciyar ruwa da damina. Burtali da maƙabarta ba na sayarwa ba ne, ko nawa aka taya.

Fadama kam ban yarda a taɓa ta ba. Ruwan Rima yana hawa kanta, ba wurin gini ba ce, kuma albasa da shinkafarta yanzu suka sami kasuwa a bakin ƙofa.

Ka zo ranar Juma'a da takardun harajin kakanka. Mahaifiyarka tana gaishe ka.

Mahaifinka